Gwangwanin Auta

Ranar Talata da safe Umma ta lura Auta tana shan shayi kai a karkace, kamar mai leƙen wani abu a ƙarƙashin tebur. Yarinya ce 'yar shekara tara, mai surutun da sai an haɗa ta da Allah kafin ta yi shiru, amma yau kwana uku ke nan ba a jin bakinta a gidan. Ta ja ɗankwali ta rufe rabin fuska, wai sanyi take ji, alhali zufa ce ke bin wuyanta.

"Zo nan," in ji Umma.

"Zan makara, Umma."

"Na ce zo nan."

Umma ta ɗaga ɗankwalin. Idon hagu ya yi jawur, fatar ta kumbura, kwantsa ta manne gashin idon, hawaye na bin kunci ba tare da kuka ba.

"Innalillahi. Me ya same ki?"

"Tsinken tsintsiya ne. Ran Asabar ina share ƙarƙashin gado, na sunkuya sai ya tsokane ni."

"Tun Asabar? Kuma kika rufe bakinki kamar ba ki da uwa a gidan nan?"

Auta ta ɗaga lafiyayyen idon ta dubi kantar da ke saman ƙofa, Umma ta bi ta da kallo, nan take ta gane.

Gwangwanayen madara ne guda uku a jere kan kantar. Maigidan ya kai wa maƙeri ya tsaga musu baki, ya sa wa kowanne marfi da ɗan kwaɗo, makullan kuwa suna rataye tare da na ofishinsa. Ɗaya na babbar 'yarsu ne mai shekara sha uku, wadda kowa ke kira Yaya. Ɗaya na Auta. Na ukun na Umma ne da kanta, don kuɗin ɗinkin da take yi wa matan unguwa ma a nan suke kwana. Duk abin da ya shigo hannun mutum a gidan nan, kyautar baƙo ce ko ragowar kuɗin kashewa a makaranta, cikin gwangwani zai faɗa, kuma ba a buɗewa sai ranar ƙarshen wata. Wanda ya fasa kofi, a ci shi tara daga gwangwaninsa. Wanda ya bar famfo na zuba, tara. Mutanen unguwa suna ce wa maigidan Malam Tattali, shi kuma in ya ji sai ya gyara zaman hula.

Wannan duk da sauƙi. Abin da ya fi shi ne, mutumin nan ya zauna ya raba ciwo gida biyu. Akwai ciwon Allah, irin su zazzaɓi da ƙyanda, wannan shi zai biya. Akwai kuma ciwon ganganci: yankan wuƙa, ƙuna, faɗuwa garin guje-guje. Wannan mai ciwon ne zai biya daga gwangwaninsa, wai don gobe ya kula. Auta kuwa wata bakwai ke nan tana tara kuɗin wata jar jakar makaranta da ke rataye a shagon bakin titi. A leda take zuba littattafanta, 'yan ajinsu har sun sa mata suna Mai Cefane. Kullum in za ta wuce shagon sai ta tsaya ta tabbatar jakar tana nan.

Da yamma maigidan ya dawo daga aiki. Shi ne mai kula da sito a wani kamfanin kayan gini, kuma yadda yake duba buhun siminti ko ya sha ruwa, haka ya kama haɓar yarinyar ya juya fuskarta wajen haske.

"Wa ya ce ki cusa kai ƙarƙashin gado da tsintsiya a tsaye?"

"Ba kowa, Baba."

"To wane irin ciwo ne wannan?"

Muryarta can ƙasa ta ce, "Na ganganci."

"Madalla, kin san doka."

Umma ta ce, "Baban yara, ido ne fa. A kai ta asibiti a duba."

"Asibiti a kan tsinke? Kuɗin mota, kuɗin kati, kuɗin gwaji, a wuni a layi a ƙarshe a ce a ɗiga magani. Maganin ni ma na san inda ake sayar da shi."

Washegari ya zo da wata 'yar kwalba da ya saya wajen wani mai tallan magani a tashar mota. Rubutun jikinta ya goge, marfin ma ba a liƙe yake ba. Ya rubuta kuɗinta a 'yar takarda, ya sa Auta ta cusa a gwangwaninta da hannunta, don a cire ranar buɗewa. Aka fara ɗigawa safe da yamma.

Abin haushi, kwana biyu sai jan ya ragu. Kumburin ya saɓe, yarinya har ta ɗan yi dariya ran Juma'a. Maigidan ya samu abin faɗa, ya wuni yana yi wa Umma gori a kan abinci.

"Da na biye miki da yanzu rabin jakarta ya tafi a kuɗin kati. Ku mata da kun ga ja sai ku ce jini ne."

Umma har ta ɗan ji kunya. Ta ce a ranta watakila ita ce mai azarɓaɓi.

Ran Litinin aka tashi da wani abu dabam. A tsakiyar baƙin idon wani farin tabo ya fito, kamar ƙwayar shinkafa. Auta ba ta iya kallon taga. Ta samu lungun bayan ƙofa inda ake jingine tabarma, ta zauna ta haɗa kai da gwiwa, in an yi mata magana sai ta ce ba komai. Duk da haka uban ya ce ta tafi makaranta, ai an biya kuɗin zango kuma ba a mayarwa. Ran Talata tun kafin a fita tara malamar ajinsu ta haɗa ta da wata ɗaliba ta rako ta gida, da takarda a hannu: yarinyar nan ba ta iya kallon allo, a kai ta ga likitan ido ba da ɓata lokaci ba. Maigidan ya karanta, ya ninke, ya ce malamai ba su da aiki sai koyar da kashe kuɗin da ba nasu ba.

Ran Laraba, da ya fita, Umma ta kama hannun Auta suka je wajen mai kemis na kan kwana. Dattijo ne mai sanyin magana. Ya haska idon da fitilar wayarsa, yarinyar ta ƙanƙame zanin uwarta, shi kuma ya kashe fitilar da sauri.

"Baiwar Allah, wannan ba na shago ba ne. Ko kyauta ba zan ba ki komai ba. Asibiti za ki kai ta, yau, kada ki bari rana ta faɗi."

Umma ta fito. Ko kuɗin mota ba ta da shi. Mace mai keken ɗinki, mai wuni tana taka feda har ƙugunta ya riƙe, amma ko ficika babu a bakin zaninta, don duk wadda ta biya kuɗin ɗinki sai an nuna wa maigida an jefa a gwangwani. Ta shiga gidan maƙwabciyarta wadda ta yi wa ɗinki ya fi a ƙirga. Matar ta saurara, ta yi salati, sannan ta fara murza yatsu.

"Wallahi ba don babu ba, Maman Auta. Amma kin san mijinki ya bi gida-gida ya ce duk wanda ya ba iyalinsa rance ya zubar da kuɗinsa, kuma zai ji daga gare shi. Maigidana ya ja mini kunne. Ki yi haƙuri, ki lallaɓa shi dai."

Sai ta bar Auta a gida, ta taka da ƙafa har wurin aikinsa, tafiyar kusan awa guda. Ba ta taɓa zuwa ba. Wani ƙaton rumbu ne mai rufin kwano, buhunan siminti an jera su har sama, rodi a ɗaure dami-dami, leburori na ta loda mota jikinsu fari fat da ƙura. A bakin ƙofa ga teburinsa, ga shi zaune da biro a bayan kunne. Da ya hango ta sai fuskarsa ta canja, ya taso ya ja ta gefe bayan tulin fale-falen kwano.

"Lafiya kika biyo ni wurin aiki? So kike a ce gidana ba tsari?"

"Mai kemis ya ce yau-yau a kai ta. Don girman Allah ka ba ni makullin. Ba kuɗinka na ce ba, nawa gwangwanin zan buɗe, gumina ne."

"Yau nawa ga wata?"

"Baban yara..."

"Saura kwana shida. Ranar za a buɗe. In nata sun isa, a je. In ba su isa ba, ni zan ranta mata ta riƙa biya a hankali. Me ya yi zafi?"

"Idon ne ya yi zafi. Yarinyar ba ta barci, ba ta cin abinci."

Ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya gaji da koyar da daƙiƙi. "Ke ba ki gane ba. In na karya doka sau ɗaya, shi ke nan, gobe kowa ya kwaso ciwonsa ya zo. Ni da kike gani ubana bai bar mini ko cokali ba, don duk abin da ya samu a ranar yake cinyewa. Na rantse 'ya'yana ba za su tashi haka ba. Filin da nake biya, bulon da nake tarawa, na wa ne? Ba naku ba ne? Ciwon ido kuma ni ma na yi ina yaro, da ruwan gishiri na warke. Mai kemis ai ciniki yake nema."

"Cewa ya yi ba zai sayar mini da komai ba."

"To kin gani, bai ma san aikinsa ba." Wani direba ya ƙwala masa kira, ya juya. "Ki koma gida. Kuma kin san abin da na faɗa tun farko: hannun da ya taɓa gwangwanin nan ba ranarsa ba, hannun ɓarawo ne, ni kuma ba na kwana gida ɗaya da ɓarawo."

Wannan maganar ce ta ɗaure ta. Iyayenta sun rasu, ba ta da ɗakin da za ta nufa da 'ya'ya biyu mata. Ta dawo tana tafe tana share hawaye da gefen mayafi, tana jin haushin kanta fiye da yadda take jin nasa.

Ran Alhamis ta je wajen yayarsa, wadda yara ke kira Gwaggo, ita kaɗai ce yake jin maganarta a duniya. Gwaggo tana zaune tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ko ɗago sosai ba.

"Ke dai ba ki da godiya. Mijinki ba ya shaye-shaye, ba ya caca, ba ya bin mata. Gida yake gina muku. Mata nawa ne ke neman irinsa ido rufe?"

"Gwaggo, idon yarinyar ne zai lalace."

"Haba, bakinki ya sari ɗanyen kashi. Yara ai ba su rabo da ciwon ido. Kwana biyar ne fa. Ki riƙa wanke mata da ruwan ɗumi. Ni ba zan shiga tsakanin mutum da tarbiyyar gidansa ba, gobe a ce ni na lalata masa 'ya'ya."

Da ta dawo, tun daga tsakar gida ta ji muryoyin yaran a ɗaki, ta tsaya jikin taga. Auta ce ke magana daga lungunta.

"Yaya, in an buɗe ranar, ki ranta mini naki in haɗa a kai ni asibiti. Kada a taɓa na jakata duka."

"In na ba ki yaushe za ki biya?"

"In na samu."

"Da me za ki samu? Ke da kullum ake cin ki tara. Ni ma takalmi nake tarawa, kin ga nawa ya huje." Can sai Yaya ta ƙara da cewa, "Sai dai in za ki ɗora mini wani abu a kai."

Umma ta dafa bango. Waɗannan 'ya'yan cikinta ne, nono ɗaya suka sha, katifa ɗaya suke kwana. Ta leƙa ta ga Yaya ta juya wa ƙanwarta baya tana kuka a hankali, kamar ita ma ba ta san daga ina maganar ta fito mata ba. Umma ta tuna sau nawa ta tsaya a gidan suna da gidan biki tana yabon gwangwanayen nan, tana cewa 'ya'yanta ba su san roƙon alawa ba. Da bakinta ta faɗa, tana murmushi.

Ran Asabar akwai taron iyayen yara a makaranta, kuma maigidan aka gayyata ya yi jawabi a kan yadda ake koya wa yara riƙon kuɗi. Kwana uku yana bitar jawabin a gaban madubi. Ya sa aka goge masa farar riga, ya sauko da gwangwanin Yaya don shi ya fi nauyi, ya ce ta shirya ta bi shi a nuna ta. Auta kuwa ya ce ta zauna a gida, kada mutane su ga idon hankalinsu ya bar kan magana.

Bayan fitarsu Umma ta kawo ruwan ɗumi a kofi. Idon ya daina ja sosai, ya koma wani fari-fari kamar an ɗiga madara a ciki, mugunya na taruwa a ƙasa.

"Umma, yau da sauƙi," in ji Auta. "Hasken ma ya daina damuna. Kamar an kashe fitila ta wannan gefen."

Umma ta ajiye kofin. Ta sa tafin hannu ta rufe lafiyayyen idon, ta ɗaga yatsu uku a gaban mai ciwon.

"Nawa ne nan?"

"Ina?"

"Nan, gabanki."

"Ba ki ɗaga ba ai, Umma."

Umma ba ta san lokacin da ta taka kujera ta sauko da gwangwanayen biyu ba. Ta ɗauko dutsen gugar da ta gama goge farar rigar da shi, ko hucewa bai gama yi ba, ta ɗora nata gwangwanin a ƙasa ta maka wa kwaɗon. A bugu na uku ya ɓalle. Da ta jawo na Auta sai yarinyar ta faɗo kanta ta riƙe mata hannu.

"Umma, kada ki fasa. Don Allah. Saura kaɗan ya kai. Zan jure, wallahi zan jure har ranar."

"Sake ni."

"Baba zai ce ke ɓarauniya ce."

"Ya ce."

Ta ɓamɓare yatsun yarinyar ta sauke dutsen. Sulalla suka watse a siminti, tare da 'yan takardun tara masu rubutun uban, sun fi kuɗin yawa. Ta tattare kuɗin a ɗankwali, ta jefa 'yar kwalbar maganin a jaka, ta goya Auta duk girmanta ta fita ko ƙofa ba ta rufe ba.

A asibiti ta yanki kati, aka nuna mata ɓangaren ido. Layin ya kai bakin baranda, amma wata nas da ta zo wucewa ta kalli fuskar yarinyar sau ɗaya, ta kama hannunta ta wuce da su gaba. Abin da ya tsaya wa Umma a wuya shi ne, bayan mota da kati da komai, kuɗin ɗankwalin ko rabi ba a ci ba.

Likitar mace ce mai furfura a goshi. Ta sa Auta ta ɗora haɓa a kan wata na'ura, ta daɗe tana dubawa.

"Yau kwana nawa?"

"Sha huɗu."

"Me kuke sa mata?"

Umma ta miƙa kwalbar. Likitar ta juya ta, ta shinshina, ta ajiye a hankali kamar mai danne zuciya.

"Wannan irin maganin ja yake ɓoyewa, ciwon kuma ya samu sarari ya ci gaba da ci a ƙasa. Wa ya ba ku?"

"Babanta ne ya sayo a tasha."

"Da kun zo a kwanakin farko, ɗan ƙarzanewa ne kawai. Maganinsa bai kai kuɗin takalmin yaro ba." Ta cire tabarau ta dubi Umma sosai. "Ba zan ɓoye miki ba. Ganin wannan idon ya tafi. Abin da za mu yi ƙoƙari yanzu shi ne kada ta kai ga cire ƙwayar gaba ɗaya. Za mu kwantar da ita."

Umma ta so ta yi ihu, ihun ya ƙi fita. Likitar ta juya wajen Auta ta sassauta murya.

"'Yata, ciwo irin wannan ko babba ba ya iya jurewa. Me ya sa ba ki faɗa wa Ummanki tun ranar ba?"

Auta ta gyara zama, ta amsa yadda ake amsa tambaya a aji in an san an iya.

"Tattali nake yi."

Nan ne kukan ya zo wa Umma. Ta durƙusa a ƙasan ofishin ta yi shi mai isarta, nas na dafa kafaɗarta.

Da la'asar maigidan ya iso, maƙwabta sun gaya masa inda suka nufa. Farar rigar na jikinsa, takardar yabo da aka ba shi a wurin taro tana naɗe a hannunsa, Yaya na biye da shi rungume da gwangwaninta. Ya tsaya a bakin gadon. An rufe rabin fuskar Auta da auduga da filasta, amma ba nan ya fara kallo ba.

"Na tarar da ɓarnar da kika yi. Wa ya ba ki izini?"

"Idon ya mutu," in ji Umma.

"Me?"

"Ba za ta ƙara gani da shi ba. Je ka tambayi likita."

Ya je. Ya daɗe. Da ya dawo hular tana hannunsa, ya zauna a bakin gadon da ke kusa yana kallon ƙasa. Umma ta zuba masa ido tana jira. Wallahi da a lokacin ya ce ya yi kuskure, ko da kalma ɗaya, da ta raba nauyin da shi, don ta san ita ma tana da kaso. Ya buɗe baki.

"Ƙaddara ce. Abin da Allah ya rubuta ba makawa. Da ma ta faɗa tun ran Asabar ɗin. Ke ma da kina lura da yaranki, da ba a kwana uku ba ki sani ba. Mai maganin nan kuma sai na nemo shi."

Ya share wuya, ya sa hular, muryarsa ta dawo daidai.

"To, tunda abin ya kai haka, ya tashi daga ciwon ganganci, ya zama ciwon Allah. Ni zan biya kuɗin gadon. Ba za a taɓa na kowa ba."

Ya faɗi haka yana duban su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai jiran a ce an gode.

Washegari Lahadi 'yan dubiya suka yi ta zuwa. Maƙwabciyar da ta hana rance ta zo da lemo tana matsar ƙwalla. Gwaggo ta zo tana cewa ita tun farko jikinta bai ba ta ba. Kowa in zai tafi sai ya tura ɗan abin da ya samu ƙarƙashin matashin yarinyar. Da rana tsaka nas ta zo canja auduga. Ta cire tsohuwar, wadda ta jiƙe da mugunya da ɗan jini, ta ajiye a faranti ta tafi ɗauko filasta. Daidai nan maigidan ya shigo da leda a hannu.

Sabon gwangwani ne. Ran Lahadi guda ya samu maƙerin ya tsaga masa baki, ya sa masa sabon kwaɗo mai ƙyalli.

"Na ga mutane na ta ba ta kuɗi," in ji shi. "Kada su bi iska. Auta, ɗauko ki zuba. A hankali za ki sake tarawa, jakar ai tana nan."

Yarinyar ta fara laluben ƙarƙashin matashi. Ta miƙo hannu da sulalla biyu za ta jefa, ta kuskure bakin gwangwanin, don ido ɗaya bai saba auna nisa ba. Kuɗin suka gangara ƙarƙashin gado. Ta ce, "Yi haƙuri, Baba," ta fara ƙoƙarin saukowa.

Umma ta mayar da ita ta kwantar. Ta karɓi gwangwanin daga hannunsa. Ta ɗauki audugar nan daga faranti, ta ninke ta biyu, ta ninke huɗu, ta tura ta cikin tsagar da ɗan yatsa har ta shige duka. Matan da ke jinya a sauran gadajen suka juyo suna kallo.

"Ungo," ta ce, ba ta ɗaga murya ba. "Ga abin da ka tara a gidanka. Shekara nawa kana koyarwa, ga shi Auta ta haddace, ta fi kowa iyawa. Ta ba da ido don kada a taɓa kuɗi. Ka kai kan kanta ka ajiye. Ranar ƙarshen wata ka buɗe ka ƙirga, ka gaya wa iyayen yara nawa ya kama."

Ya tsaya riƙe da gwangwanin. Yaya, da ke tsaye jikin bango tun ɗazu, ta sunkuya ta ajiye nata gwangwanin a ƙasa, ta matsa daga kusa da shi.

Sai Umma ta ji ana jan gefen mayafinta. Auta ce, ta juyo da kai gaba ɗaya don ta samu ganin uwarta da idon da ya rage, fuskarta cike da tsoro.

"Umma," ta ce da raɗa, "kin ɓata masa sabon gwangwani. Ki ce ni ce na sa. In ya so a cire a nawa."